Wace Kwata Za Mu Sauka? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Koyon Fatsa a Kebbi

Akan samu abokai, ko 'yan ofis ɗaya, ko malami da ɗalibansa, su tsayar da shawara cewa ranar Asabar za su fita bakin gulbi su gwada fatsa. Galibinsu ba su taɓa ɗaura ƙugiya ba, wasu ma ba su iya iyo ba. Abin da sukan fara tambaya shi ne inda kifi ya fi yawa, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne inda za a tsaya. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Da me ake auna wurin da ya dace da masu koyo?

Da mutumin da ya fi kowa rauni a cikinku. In akwai yaro ɗan shekara 10, shi ne ma'auni. In akwai dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ko rafi bai taɓa tsallakawa ba, to shi za a duba kafin a duba ruwa. Wurin da wannan mutum zai iya tsayawa awa uku hankalinsa kwance, ba santsi, ba gangara mai tsaye, ba turereniya, shi ne wurinku, ko da kifinsa ƙanana ne.

Dalili kuwa a fili yake. Gwani yana iya tsayawa kan dutse mai gansakuka ya jawo ramboshi, domin ƙafarsa ta san wurin. Ɗan koyo da zarar ya ji an fizgi zare sai ya manta da ƙafarsa gaba ɗaya, ya matsa gaba ba tare da ya duba ba. Wannan taku ɗaya shi ake yi wa tanadi. Saboda haka ku nemi inda in mutum ya zame zai faɗa ruwa iya gwiwa, ba inda zai faɗa gurbi ba.

Dandamalin siminti ko na katako ya fi, ko gaɓar yashi?

A yawancin garuruwanmu na bakin ruwa ba wani dogon dandamali aka gina ya shiga cikin gulbi ba. Abin da za ku tarar shi ne kwata: wurin da jirage ke tsayawa, ake sauke kifi da itace da buhunan shinkafa, mata na wanki a gefe guda. Wasu wuraren akwai matakala ko ginin siminti, wasu kuma ƙasa ce kawai da ƙafa ta daddaɓe.

In kun samu ginanne, yana da amfaninsa: ƙafa a bushe, kuma zare na isa ruwa mai ɗan zurfi ba sai an yi jifa mai nisa ba. Amma ku tuna an gina shi ne domin jirgi ya raɓa, wato ruwan da ke gindinsa ya fi ƙarfin tsayin mutum. Ku duba ko yana da abin dafawa a gefe. Ku taka katakon ɗaya bayan ɗaya, ku ji ko akwai wanda ya ruɓe ko ƙusa ta fito. Ku nemi matakalar da wanda ya faɗa zai hau ya fito. In babu ita, ku bar wurin. Layin kore da ke jikin siminti inda ruwa ya taɓa kaiwa ya janye, nan ne santsi yake.

A ganina, ga ayarin da ba wanda ya ƙware a ciki, gaɓa mai yashi mai gangarowa a hankali ta fi kowane dandamali. Sai dai a kiyayi gaɓa mai tsaye wadda ruwa ya ci gindinta. Daga sama ƙasa ce lafiya lau har da ciyawa, amma ƙarƙashinta rami ne, mutum uku suka tsaya sai ta rufta.

Mu tsaya a tsakiyar kwata inda jama'a suke, ko mu keɓe?

Kada ku tsaya a tsakiya, kada kuma ku ɓace wa ido. Tsakiyar kwata wurin neman abincin mutane ne. Jirgin inji na shigowa, ana jefa igiya, ana sauke babura, yara na iyo. Zarenku zai naɗe a farfela, ƙugiyarku kuma tana iya kama kunnen yaron wani. Ƙarar inji ma korar kifi take yi.

Ku matsa sama da kwatar, wato ta inda ruwa ke gangarowa, tazarar da in kun ɗaga murya masu jirgi za su ji ku. Sama ta fi ƙasa saboda man inji da ruwan sabulu duk ƙasa suke bi, sannan in wani abu ya faɗa ruwa, igiyar ruwan wajen masu jirgi za ta kai shi. Ku kuma guje wa ranar kasuwar garin, domin ranar ko wurin ajiye mota ba za ku samu ba.

Wa za mu fara gani idan mun isa?

Sarkin Ruwa, ko wanda ke riƙe da kwatar a madadinsa. Wannan ba al'ada ce ta ado ba. Ruwan da kuke gani shimfiɗe kamar ba mai shi, masunta sun san iyakokinsa. Sarkawa da Kabawa da Gungawa sun gaji wuraren nan kaka da kakanni: an san inda wane ya kafa tarkon kifi na gura, inda aka shimfiɗa ragar kalli, inda mamari ke kwance da ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa. Baƙon da ya shiga ruwa ya taka mamari ba zai manta da ranar ba. Akwai kuma tafkuna da gurabun da ake rufewa, ba a su a cikinsu sai ranar da aka buɗe.

Ya fi kyau mutum biyu daga cikinku su je kwana biyu ko uku kafin ranar. A yi sallama, a durƙusa a gaisa, a riƙe goro. A ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Birnin Kebbi, mu goma sha biyu, muna so mu koyi fatsa, akwai yara a cikinmu. Ina ka ga ya dace mu tsaya?" Sai a roƙi ya haɗa ku da masunci ɗaya mai jirgi wanda zai zauna tare da ku tun daga farko har ku tashi. A yi maganar abin da za a ba shi tun a lokacin, kada a bar ta sai an gama. Kuɗin da kuka ba wannan mutum ya fi duk abin da za ku kashe a kan sanduna da zare amfani: shi zai ɗaura muku ƙugiya, ya cire muku ƙurungu, ya gane canjin ruwa tun ku ba ku lura ba. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Argungu fa? Ba can ne gidan kifi ba?

Can ne, kuma ba ta da nisa daga Birnin Kebbi. Amma a fahimci abu guda. Matan Fada, inda ake yin gasar su ta bikin Argungu, wuri ne da ake killacewa. Ba a barin kowa ya kama kifi a cikinsa sai lokacin biki, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa ranar da aka buɗe. Bikin ya samo asali ne tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kada ku ɗauki sandunanku ku nufi can kai tsaye. Ku je ku gani, ku shiga gidan tarihi na Kanta, sannan ku tambayi masu ruwa wane sashe na gulbin aka yarda baƙo ya jefa ƙugiya.

Kada kuma hotunan biki su ruɗe ku. Masu shiga da homa da gora mutane ne da suka tashi cikin ruwa tun suna yara.

Yauri da sauran garuruwan bakin Kwara, wato kogin Neja, fa?

Nan ruwa ya girma. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan ya taru ya yi baya har wajen Yelwa, ya zama tafki mai faɗin da iska ke tayar masa da igiya. Kifi kuwa akwai shi: giwan ruwa, ragon ruwa, tsage, faliya, bargi, da tarwaɗa. Wanda ke son ganin kasuwar kifi ta gaske, Yauri ce.

Sai dai ga ɗan koyo, girman ruwa ƙarin haɗari ne. Akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa, suna cin ƙugiya suna fasa jirgi. Akwai dorina a yankin, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Hanya ma da nisa: daga Birnin Kebbi sai an bi ta Jega da Koko, in ba a yi sammako ba rana ta take kafin a isa. Shawarata ita ce fita ta farko a yi ta kusa da gida, a gulbin da ke kusa da Birnin Kebbi, ko Jega, ko Bunza, ko wani tafkin fadama da mutanen gari suka amince da shi. Yauri a bar ta sai karo na biyu ko na uku, a kuma kwana can.

Mu da muke Zamfara fa?

Ruwa akwai, musamman madatsar Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato a yankin Maradun da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Amma batun tsaro ne ke gaba da komai a nan, haka ma wasu sassan Kebbi. Bakin ruwa mai nisa da gari, ayarin baƙi da motoci, wuri ne da ba ya ɓuya. Ku tambayi mutanen garin a safiyar ranar, ba labarin makon jiya ba. In an ce a dakata, a dakata. Game da madatsa kuwa, kada a tsaya a ƙasan ƙofofinta ko kan bangon magudana. Ana iya sakin ruwa, kuma gefen magudanar siminti ba ya hawuwa ga wanda ya faɗa.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen sanyi, wato kamar Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya lafa, gaɓa ta bushe ta yi ƙarfi, rana ba ta ƙuna. Agusta da Satumba ku haƙura: gulbi ya cika ya yi ja, yana gudu da itace da ciyawa, gaɓa na zubewa, ga sakin ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wanda in babu inuwa yaro zai galabaita kafin azahar.

Kwara tana da nata hali da ya kamata a sani. Cika biyu take yi a shekara. Ta farko ita ce ta ruwan saman yankinmu, a damina, ruwa mai laka. Ta biyu kuma tana isowa ne cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso nan ya tace. Saboda haka mutum na iya zuwa Bagudo ko Yauri a watan Janairu, babu ko ɗigon ruwan sama, ya tarar tudun yashin da ya gani a baya ya nutse. Wurin da wani ya ba ku labarinsa wata uku da suka wuce, sai an sake zuwa an gani da ido.

A cikin yini kuwa, daga bayan asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa kafin magariba. Ga masu koyo safiya ta fi, domin in wani abu ya ɓaci akwai sauran yini a gaba.

Ta yaya za mu gane akwai kifi a wurin?

Kifi yana son gefe: gefen ciyawar burgu, gefen bado, inuwar jiragen da aka ɗaure, inda ƙaramin rafi ke zuba cikin babba, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Ku lura da tsuntsaye masu cin kifi da ƙananan kifaye masu tsalle. Yaran garin ma malamai ne, inda suke zama da 'yan sandunansu ba banza suka zaɓe shi ba.

Amma kada ku jefa cikin ciyawar kanta ko cikin kainuwa, rabin ranarku zai tafi wajen warware zare. Ku nemi fili mai tsabta kusa da ita. Kuma ku sassauta buri. Ƙarfasa goma da kawara biyar da kowa ya ji fizgarsu a hannunsa sun fi wa ayari daɗi a kan giwan ruwa guda da ake jira tun safe bai zo ba. Wanda ya kama kifinsa na farko, ko da bai wuce tafin hannu ba, shi ne zai ce a dawo.

Mu nawa wuri ɗaya zai ɗauka?

Ku ba kowane mai sanda tazarar taku huɗu ko biyar daga na kusa da shi, bayansa kuma ba kowa, ba reshen itace, ba wayar lantarki. In ku goma sha biyu ne, ba dole kowa ya riƙe sanda lokaci guda ba. Sanda shida sun isa, a yi bibbiyu, ɗaya na kamu ɗaya na sa tana, a riƙa canzawa. A ware mutum ɗaya babba wanda ba ya kamu ko kaɗan, aikinsa ƙirga kawuna da kallon yara. Shi ma a riƙa karɓarsa.

Wane kaya za mu tanada?

Ba sai an sayi sanda mai tsada ba. Gora siririya mai tsawo, zaren roba, ƙananan ƙugiyoyi, ɗan dalma, da guntun abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna an ci. Ƙaramar ƙugiya na kama ƙaramin kifi da babba, babbar ƙugiya kuwa babba kawai take jira. Ga yara a matse ƙayar ƙugiyar da filaya, in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. Abincin ƙugiya: tana, gara, fara, ƙullin dusa, ko hanjin kaza in tarwaɗa ake nema.

Sai ruwan sha mai yawa, malafa, takalmi mai kama ƙafa ba silifa ba, tabarma, buta, da ɗan akwatin magani. Sai abu biyu da ba a barin su a gida: doguwar igiya da aka ɗaure da jarka wofi mai murfi, da rigar ruwa mai hana nutsewa ga kowane yaro da duk wanda bai iya iyo ba. In wani ya faɗa, kada wanda bai iya ceto ba ya bi shi; a jefa masa jarkar, ko a miƙa masa gora, a kira mai jirgi. Sau da yawa wanda ya yi tsalle don ceto shi ake rasawa tare da na farko.

An ce mana mu shiga jirgi a kai mu gungu, wato tsibiri, can kifi ya fi. Mu yarda?

A fitar farko, a'a. In kuma kun nace, to da sharuɗɗa: kowa da rigar ruwa a jiki a ɗaure, ba a ajiye a ƙasan jirgi ba; kada a ɗauki fiye da abin da jirgin zai iya; kada a tashi tsaye; kuma a dawo tun da sauran rana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa. Mutanen Kebbi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawan gaske, har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Allah ya jiƙansu. A yi addu'a kafin a shiga, a kuma ɗaura rigar.

Akwai cutar da ake ɗauka a bakin ruwa?

Akwai tsargiya. Ƙwayarta na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya mai ciyawa, ta shiga ta fatar mutum ba tare da ya ji ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar wurin da za a yi kamu daga tudu ba sai an tsunduma ba. Wanda ya ga alama ya je asibiti, maganinta sananne ne, praziquantel.

Kifin ma yana da makamansa. Ƙurungu na da ƙaya uku masu kafewa, sukarsu na da raɗaɗi. Tarwaɗa ma tana da su a gefe. Tsage haƙora gare shi, ba a sa masa yatsa a baki. Minjirya kuwa, mai santsin jiki da ɗige-ɗige, wutar lantarki take saki; in ta fito a bar wa masunci. Ƙugiyar da ta shige nama sosai kada a fizge ta, a yanke zaren a je asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. In hadari ya taso ana walƙiya, a kwantar da sanduna a bar bakin ruwa.

In akwai mata da ƙananan yara a tafiyar fa?

To sai a ƙara da wasu tambayoyi tun ranar leƙen wuri. Ina za a kewaya? Akwai gidan da za a roƙa a shiga, ko masallaci kusa? Wurin ba mawankar maza ba ce, ba kuma inda matan gari ke wanka ba? Akwai itacen da za a shimfiɗa tabarma nesa da gaɓa? Mota na iya zuwa kusa, ko sai an ratsa gonar shinkafar wani? Waya na samun sabis? Ina asibiti mafi kusa? Kada a ɗauki hoton matan gari ko 'ya'yansu ba da izini ba. Abin da ke ɓata tsakanin baƙi da mutanen kwata ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Sai mun nemi lasisi?

Harkar kamun kifi a ruwayen cikin gida tana hannun sashen kula da kifi na jiha, kuma masu sana'ar ne aka fi nema da rajista. Ku tambayi Sarkin Ruwa ko jami'in sashen a ƙaramar hukumar abin da ya shafi masu fatsar yini ɗaya. Abin da babu shakka a kansa shi ne haramcin zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa, da jefa nakiya. Duk wanda ya ce zai sa muku wani abu kifi ya taso, ku rabu da shi. Gidan sauro ma ba abin kamun kifi ba ne, yana kwashe 'ya'yan kifi.

Yaya za mu yi da abin da muka kama?

Ƙanana sosai a mayar da su ruwa da jiƙaƙƙen hannu tun suna da rai. Tarwaɗa na daɗewa a bokiti da ɗan ruwa, amma ƙarfasa da kawara da sun mutu sai a fasa ciki, a cire hanji da matsarmama a hankali kada ta fashe, a wanke, a ajiye a inuwa cikin ƙanƙara ko a rufe da jiƙaƙƙen buhu. In hanya da nisa, a shafa gishiri, ko a ba masu banda a kwatar su ɗan kyafe shi. A fara cire wa masuncin da ya zauna da ku nasa kason kafin a raba. Guntayen zare da ƙugiyoyin da suka karye a tattara su a leda a tafi da su, domin yara da shanu na taka wurin ba takalmi, sannan a biya wajen Sarkin Ruwa a yi masa sallama, a ƙirga kawuna a bakin mota.